Mutanen Ranar Aikin Hannu

Jarrabawa tana nuna wanda ya iya hadda ne kawai. Mai son sanin halin yaran firamare ya leƙa aji ranar aikin hannu, ko makon shirin bikin Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Ga waɗanda ba a rasawa.

Na farko Ɗan Kasuwa. Malam ya ce kowa ya saƙo mafici da hannunsa, shi kuwa ya biya bakin kasuwa da kuɗin tararsa ya sayo. Saƙar ta fi ta kowa kyau, don mai ita ta girmi babansa. In aka tambaye shi inda ya samo kaba, sai ya ce, "Wallahi Malam, a bayan gidanmu," alhali ko goriba ɗaya babu a unguwarsu.

Sai Injiniya. A shifta shi ne na ƙarshe, amma ba shi gwangwanin madara da guntun waya da tsohon silifa ka ga aiki. Silifan zai yanka ya fitar da tayoyi huɗu, ya lanƙwasa waya ta zama sitiyari, ya zaunar da direban totuwa a gaba. Yatsansa ba ya rabuwa da ɗaurin tsumma.

Akwai Mai Cin Kayan Aiki. An ba shi gyaɗa ashirin ya raba gida huɗu, lissafi ya ƙi fita, don bakwai sun riga sun wuce ciki. Tun daga ranar Malam ya koma ƙirga da tsakuwa.

Ga Sarauniyar Gaggawa. An shuka wake a gwangwani, kullum sai ta tono nata ta ga ko ya tsiro. An ce a bar tukunyar yumɓu ta sha iska a inuwa, ta kai tata tsakiyar rana, ta tsage, ta ce Injiniya ne ya yi mata baki.

Monita ba ya taɓa laka. Yana zagaye da hannu a baya, yana rubuta sunayen masu surutu. Da hedimasta ya shigo, shi ne farkon cewa, "Mu muka yi."

Ranar biki kuma sai Mai Martaba, wanda aka naɗa wa rawanin aro da dogarai biyu don wasan kwaikwayo na minti goma. Biki ya watse, sarauta ta ƙi sauka: har ƙarshen zango yana aiken dogaransa su sayo masa awara.

Kada a manta da Hajiya, wadda ba ta cikin rajista amma ita ta ɗinka jakar 'yarta cikin dare. In aka ba jakar maki shida cikin goma, da sassafe za ta iso da mayafi a kafaɗa: "Malam, me ya rage a ɗinkin nan?"

Abin takaici, Ɗan Kasuwa da 'yar Hajiya su ke kwashe maki, motar Injiniya kuwa a ce wasa ce. Malamai, don Allah kafin ku ba da maki ku ce kowa ya miƙo tafin hannunsa. Wanda kuka ga laka a farcensa, shi ya yi aiki.