Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Allon Hana Ajiye Mota

Zuwa ga Mai Girma Allon Hana Ajiye Mota,
Bakin titi, daura da Kantin Kwari,
Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana tsaye lafiya. Ina gajiya, ina rana, ina ƙura? Yaya tsatsa? Na ga tun da tirelar nan ta goge ka da ƙugu ka ɗan karkace wajen gabas, Allah ya ƙara sauƙi. Na kuma lura mai maganin basir ya liƙa maka takardarsa a goshi, mai neman kansila ya zo ya liƙa tasa a kan ta mai basir, duk ka shanye ba ka ce uffan ba. Shugabanci sai da haƙuri.

Ni maƙwabcinka ne, atamfa da shadda nake sayarwa a cikin kasuwa. Na zaɓi in rubuto maka kai tsaye ne saboda a duk masu faɗa a ji kan titin nan, kai kaɗai ne kullum ake samu a bakin aiki. Manya suna mitin, na ƙasa da su sun tafi salla, masinja ya ce a dawo Litinin. Kai kuwa ko ranar Idi kana nan.

Ƙorafina ɗaya ne, sauran duk 'ya'yansa ne: ka iya cewa "ba nan ba", amma tun da aka kafa ka ba a taɓa jin ka ce "can" ba. Allon asibiti yana da kibiya. Allon gidan mai yana da kibiya. Hatta mai gidan wanka da bahaya yakan zana kibiya da gawayi a jikin bango don kada bayin Allah su wahala. Kai da gwamnati ta kashe wa kuɗin fenti ba ka da ko ɗan yatsan nuni.

Bari in ba ka labarin abin da ke faruwa a bayanka, tunda ba ka waiwaye. Hajiya za ta taso daga Gwammaja ko Hotoro haɗa lefen ɗanta. Haɗa lefe ba sayen kati ba ne. Sai an zauna, an kawo ruwa mai sanyi, an sauko da turmi an warware, an kai bakin ƙofa an duba shi a hasken rana, an murza gefen shadda a ji ƙararta, an kira ƙanwar ango a waya ta ga launin ta ce bai yi ba, an mayar an sauko da wani. Awa biyu ba komai ba ce. To amma Hajiya ta bar direba a ƙarƙashinka, bai kashe mota ba, idonsa a madubi, duk wanda ya hango da riga mai ƙyalli sai ya ɗan gusa taku biyar. Ita kuma ido ɗaya a kan leshi, ɗaya a kan waya. Ana tsakiyar ciniki sai wayar ta yi ƙara: "Hajiya, ga su nan fa da janwe." Shi ke nan. Wadda ta zo da niyyar turmi goma sha biyu sai ta ɗauki uku, ko sauƙin da ta fara nema ba ta tsaya karɓa ba, ta ce sauran sai wani jiƙon. Wani jiƙon kuwa a WhatsApp ake yin sa, wajen 'yar da ke sayar da kaya daga ɗakinta, wadda ba ta biyan hayar shago, ba ta kuma san da zamanka ba.

Wannan ta gida ke nan. Baƙonmu na Maraɗi ko Damagaram ko Injamena, wanda ya kwana a hanya da sefa a ɗaure a ƙugu, shi bai ma san kana da yara ba sai ya fito ya tarar an kwance masa lambar mota.

Sai batun kaya. Ranka ya daɗe, dila ba ta da fiffike. Daga Legas take tahowa a bayan tirela, kuma dole wani wuri tirelar ta tsaya 'yan dako su sa kafaɗa. Haka buhunan sukari da katan-katan na taliya a kasuwar Singa, haka robobi a Ƙofar Wambai. Ka hana tsayawa da safe, ka hana da rana, ka hana da dare, to tunda duk lokutan haramun ne, direba sai ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi, wato sha biyun rana, ya gindaya ta a tsakiyar hanya, ya ware abin da zai ware, a sauke. Motar asibiti na baya tana jiniya, mai Adaidaita ya cusa kai ta hagu, mai kurkura ya cusa ta dama, mai baro yana "hanya, hanya". Cunkoson da aka kafa ka don ka hana, a gindinka yake kwana.

Na yi ta son in tambaye ka, ba don raini ba: wai kai ɗan wane ne? Tsarin mulkin 1999 ya ce kasuwanni da tashoshin mota aikin ƙaramar hukuma ne. Jiha kuma ta kafa KAROTA a 2012 don kula da zirga-zirga a kan titi. Wasu manyan titunan na tarayya ne. Shugabannin kasuwa suna da nasu 'yan sintirin. A ƙarshe ga yaron nan mai usur da tsumma a kafaɗa, wanda ba wanda ya naɗa shi, amma shi kaɗai ne ke iya cewa "Alhaji kawo ta nan, yanke, yanke, ya isa", ya kuma tsare maka madubi har ka dawo. A duk jerin, shi ne ke ba da abin da aka biya shi dominsa.

Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne dokar haraji ta 1998, wadda ta raba wa kowane mataki na gwamnati irin kuɗin da zai karɓa. A kason ƙananan hukumomi, tare da kuɗin rumfar kasuwa da na mayanka da na rajistar aure, an rubuta tarar ajiye mota ba daidai ba. Ka ji fa. Laifin da mutum bai riga ya yi ba an sa shi a layin kuɗin shiga. To wanda aka ce masa ga gonarka, yaya za a yi ya yi addu'ar fari? Ranar da kowa ya samu wurin ajiye motarsa cikin mutunci, ranar wani zai koma gida hannu rabbana. Shi ya sa nake zargin rashin kibiyarka ba mantuwar mai fenti ba ce.

Kuma kana da zaɓen fuska. Tsohuwar Golf mai ɗaure da igiya a but, tun daga nesa kake gane ta. Baƙar jif mai duhun gilashi, wadda aka rufe lambarta da leda, za ta wuni a inuwarka, sai dai ma a ƙame mata. Idan zaɓe ya matso kuwa, gaba ɗaya ciwon ido ke kama ka sai an rantsar.

Kada ka ce na zo da son kai, laifi tudu ne. Mutanen kasuwa ba su da bakin yi maka gori sosai. Wurin da ya fi kowane kyau a ƙofar layi, wanda ya kamata mota ashirin ta masu saye ta shiga ta fita a cikinsa kafin Magariba, motar mai shago ce ke kame shi tun ƙarfe tara, a lulluɓe ta da tampol, ba za ta motsa ba sai an rufe kasuwa. Shi ne kuma zai fi kowa ɗaga murya a taron ƙungiya cewa gwamnati ta kori masu saye. Inda mota ba ta kame ba, tebur ya kame. Inda tebur bai kame ba, an dasa kwantena. Duk wani fili da iska ke ratsawa a tsakiyar garin nan, wani ya auna shi da ido ya ga shago nawa zai fitar, wani ya sa hannu, wani ya biya, kuma mai biyan daga cikinmu yake. Da ruwa ya shiga Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dukiya mai ɗimbin yawa, kowa ya koma nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa, alhali lokacin da ake rabon su har layi aka yi.

Ka kuma ga abin da ya faru a filin Idi na Ƙofar Mata. Gwamnatin Ganduje ta ba da wuri aka yi shaguna, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta zo a watan Yunin 2023 ta rushe, kotun tarayya ta ce a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kuɗin gini ya tafi, kuɗin rusau ya tafi, diyya ta bi su. Ni dai da za a tambayi ɗan atamfa, da rabin wannan asarar an tayar da bene mai hawa huɗu wanda ba a sayar da komai a cikinsa sai wurin ajiye mota. Amma na sani, a garin nan kafin a gama hawa na biyu an yanka na farko shaguna.

Ban sani ba ko kana zumunci da danginka na ƙetare. Akwai wani ɗan uwanka a Amurka, mitar ajiye mota, wanda aka fara kafawa a birnin Oklahoma ranar 16 ga Yulin 1935. Abin da zai ba ka mamaki, 'yan kasuwa ne suka nemi a kawo shi. Ciwonsu irin namu ne sak: ma'aikatan ofisoshi da na kantuna suna kame bakin titi tun safe, mai saye ya rasa inda zai tsaya. Wani ɗan jarida, Carl Magee, ya fito da dabarar a sa kwabo biyar na can a samu awa ɗaya. Wato shi ɗan uwan naka bai ce "kada ka tsaya" ba, cewa ya yi "tsaya, amma kada ka kwana". Wani malamin jami'a a Los Angeles, Donald Shoup, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan batu har ya rubuta littafi guda a 2005, shawararsa ita ce a sa farashin da zai bar kamar gurbi ɗaya cikin takwas a buɗe kowane lokaci, sannan kuɗin da aka tara a kashe shi a unguwar da aka tara shi. Tsohuwar unguwar kasuwanci ta Pasadena ta yi hakan daga 1993, kuɗin mita ya koma shara da fitilu da gyaran gefen titi, 'yan kasuwar da suka fara da tsinuwa suka koma masu kare tsarin.

Na san za ka ce ai an gwada a Abuja. An gwada, aka damƙa wa kamfanoni, suka riƙa ɗaure tayoyin mutane kamar ba gobe, har babbar kotun birnin ta dakatar da abin a 2014 saboda ba shi da doka a bayansa. An ɗauko karɓar kuɗin, an baro sharar da fitilun a can.

Na kuma san amsar manya idan aka matsa musu: ku tashi ku koma kasuwar Dangwauro, ga fili har ya yi yawa. Masu magani na Sabon Gari an tasa ƙeyarsu can a farkon 2024, kuma magani dama yana son wuri mai tsari. Amma kafin a ɗauke Kwari da Singa da Wambai a kai bakin hanyar Zariya, jikokina ne za su karɓi makulli. Mu da ke nan yau, gobe da safe za mu buɗe shago.

Saboda haka, ranka ya daɗe, alfarmar da nake nema ba ta fi ƙarfinka ba. Ka koyi duba agogo. A rubuta a cikinka cewa tirela ta sauke kaya daga bayan Isha zuwa bakwai na safe, a kuma kunna fitila a ba da tsaro don 'yan dako su yi aiki da kwanciyar hankali. Da rana a bar wa mai saye awa biyu a farashin da kowa zai gani a rubuce, wanda ya zarce a ninka masa, ko da kuwa shi ne shugaban layi. Mai shago ya kai tasa nesa ya tako, likita ma ya ce tafiya na rage hawan jini. Masu Adaidaita, da suka cika gari tun da aka hana acaɓa a 2013, a shata musu inda za su sauke fasinja, don a yanzu ko'ina aka ce "a nan" nan ne tasha. Rasit kuma ya zama guda ɗaya, mai suna da lamba, ba wanda ake yagowa daga littafin da ba shi da bango ba. Idan wata ya ƙare a manna a ƙofar kasuwa: ga abin da aka tara, ga kwalbatin da aka yashe da shi. Wallahi ranar da aka ga haka, Alhazan da ke ɓuya bayan dila idan an zo karɓar haraji su ne za su fara miƙa nasu.

Yaron nan mai usur kuma kada a kore shi. A ba shi riga da albashi, ya fi kowa sanin mota nawa layin ke ci.

Idan har ba za ka iya ko ɗaya daga ciki ba, to ina roƙon ka matsa gaba kaɗan, kamar taku goma, ƙofar mai sayar da labule. Shi ya ce ba ya samun ciniki dama, kuma yana neman abin da zai rataya samfur.

Ka gaida Danja, na ji an ce tun watan jiya ba ta ƙyafta ido ba, Allah ya kawo wuta. Idan za ka aiko da amsa, ka ba ɗan dako ya kawo mini, kada ka ba mai mota, ba zai samu wurin tsayawa ba.

Naka mai biyayya ala tilas,
Wani ɗan atamfa,
Kantin Kwari.