Lambun Bazara a Balan

A watan Afrilu, zafi na haura digiri 40 a ƙasar Gaya, mutanen Balan sharar gona suke yi, suna kai taki a amalanke, masu ƙarfin hali har sun fara binne gero suna jiran ruwan fari. Ni kuwa na ce lambu zan yi a bayan gida: zogale, kuɓewa, yakuwa, da dashen tumatir.

Kawu ya leƙo ta kan danga ya ce, "Yaro, tumatir a bazara? Ai furen zai kakkaɓe." Na ce masa zamani ya canja. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya tafi yana murmushi.

Na zuba wa dashen ɗanyen kashin kaji, don an ce ya fi na shanu ƙarfi. Ƙarfin kuwa ya nuna, kafin Juma'a ganyen ya ƙone ƙurmus. Ashe sai ya kwana biyu ya ruɓe ake sa shi. Ban ruwa kuma da guga, rijiyar ta ja baya, igiya ta ƙi kaiwa, sai da na ƙulla da igiyar shanyar uwargida. Ba ta ce komai ba, amma ranar ba a ga nama a miyata ba.

Da na lulluɓe gindin shukar da kara don ƙasa ta riƙe laima, gara ta ɗauka walima na shirya mata. Na barbaɗa toka, ta ci karan ta bar mini tokar.

Zogale kaɗai ya tsaya da ƙafarsa. To a bazara duk unguwar babu kore sai shi, kuma duk mai baki yunwa yake ji. Wata azahar ina gyangyaɗi a gindin darbejiya, na farka na tarar da akuyar maƙwabciya ta tura kai ta ɓular danga, ta miƙe a ƙafafun baya tana zagar ganye, ƴaƴanta biyu na tsince na ƙasa. Na bi ta da takalmi ɗaya, ɗayan ya faɗa rijiya.

Na kai ƙara. Tsohuwar ta ce, "Haba ɗan nan, ai zogale sara yake so, ta hutar da kai ne."

Kafin damina ta sauka akuyar ta yi ɓul-ɓul, aka kai ta kasuwar Wudil ranar Juma'a, ta yi kuɗi. Da yamma tsohuwar ta aiko mini da goro biyu, wai ladan kiwo.