Baƙin Hunturu a Ikko

Da zarar hunturu ya kankama, leɓe ya fara tsagewa, yara sun sami hutun Disamba, sai mutanen Arewa su tuna suna da ɗan'uwa a Legas. Zumunci a ƙafa yake, balle idan ƙafar za ta tsaya a bakin teku, ga masauki kyauta. Ga irin baƙin da mota kan sauke a Agege.

Na farko Mai Rigar Sanyi. Ya baro Kano da asuba haƙora na kaɗawa, ya jibga suwaita, babbar riga, hular sanyi da safa. Tun daga Ibadan gumi ke bin gadon bayansa, amma ba zai tuɓe ba, wai kada iskar teku ta shige shi. Da dare kuma shi ke kwana a bakin fanka.

Sai Baffa Masanin Ikko. Ya zo kallon FESTAC a 1977, daga nan bai sake taka garin ba, amma shi ke nuna wa direba hanya. Ya kafe sai an kai shi Bar Beach. Aka ce ai an cike wurin da yashi, ana gina Eko Atlantic a kai. Ya ce, "Kai yaro, ni za ka gaya wa Ikko?" A gidan tarihi na Onikan, gaban motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, Baffa ya karɓe bayani daga bakin ma'aikacin, har ma'aikacin ya koma gefe ya harɗe hannu.

Hajiya kuwa ba ta shiri da ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ana hawa gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, ta rufe ido ta zaro carbi: "Ɗan nan, babu wata hanya ta ƙasa?" A bakin tekun Elegushi can nesa take shimfiɗa tabarma, ta naɗa kanta mai gadin takalma, tana ƙwala wa jikoki kira ɗaya bayan ɗaya, don ita dai ta san ruwan nan ba ya rasa masu shi. Amma ana shirin tafiya sai ta miƙo jarka: a ɗebo mata, an ce yana maganin ciwon ƙafa.

Akwai 'Yar Hoto. Ba ta ga Legas da idonta ba, wayarta ce ta gani. A gandun daji na Lekki ita ce ta fara hawa gadar nan mai lilo ta saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401. Ta kai tsakiya gadar ta girgiza, sai "Wayyo Umma!" Kafin ta sauko biri ya wafce biskit ɗinta. A WhatsApp kuwa murmushi kaɗai ƙawaye suka gani.

Sai Kawu Mai Guzuri. Ya taho da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji a ƙulli, ya rantse amala da ewedu ba za su ratsa maƙogwaronsa ba. Kwana biyu aka kama shi a lungu da burodin Agege da wake mai manja, ya ce ɗanɗanawa yake yi don ya hana yara.

Ɗan Kasuwa bai zo ganin teku ba. A kasuwar Balogun ya taɓa atamfa, ya ji kuɗi, ya ce a Kantin Kwari sai dai a yi dariya. A Mile 12 ya ga kwandunan tumatirin da aka yi lodi daga Kadawa, ya riƙe baki yana lissafin ribar da ta wuce shi. Da aka tambaye shi yaya ya ga teku, sai ya ce, "Wannan fili duk a banza, ba ko shago."

Na ƙarshe, wanda ya fi cancantar addu'a, shi ne Mai Masauki. Ɗaki biyu gare shi. A waya ya ce, "Ku zo, gida naku ne," yana zaton mutum uku. Mota ta juye masa unguwa guda. Shi ke biyan kuɗin shiga, shi ke faɗa da kwandastan danfo da gurgun Yarabancinsa, shi ke ƙirga kawuna a kowace mahaɗa. An ce baƙo raɓa ne, amma raɓar hunturu takan kai sabuwar shekara. Ranar tafiya ya raka su tasha, ya haɗa tsaraba, baki ya suɓuce ya ce, "Sai wata shekara." Hajiya ta leƙo ta taga: "In sha Allahu, ɗan albarka. Da su Innarka za mu zo."