Mazan Asabar da Motocin Yankan Ciyawa

A unguwannin gefen biranen Amurka akwai wani amfanin gona da ba a ci, ba a sayarwa, ba a kuma ba dabba. Ciyawar ƙofar gida ce. A shuka ta, a ba ta ruwa da taki, in ta yi tsawo a aske ta a kai bola, mako na zagayowa a sake. Wani bincike da Cristina Milesi ta jagoranta da taimakon hotunan tauraron ɗan'adam na NASA, wanda ya fito a 2005, ya kiyasta cewa filin da wannan ciyawa ta mamaye ya kai kusan ninki uku na gonakin masarar ban-ruwa a ƙasar. A wasu unguwannin ma, ka bar taka ta yi tsawo ƙungiyar masu gidaje ta aiko maka takardar tara.

Wanda filinsa ke da faɗi yakan sayi motar yankan ciyawa: kujera ɗaya, sitiyari, ƙaramin inji na Briggs & Stratton ko Kohler ko Kawasaki, sai wani kaskon ƙarfe a ƙarƙashi mai wuƙaƙe biyu ko uku suna juyawa. Gudunta bai cika wuce kilomita 8 ko 9 a awa ba. Injiniyoyi sun zauna sun auna komai suka ce haka ya dace. Shi kuma magidanci ya fito ranar Asabar da sufana a hannu ya ce injiniyoyin ba su san aikinsu ba.

Na gaba-gaba a wannan zuri'a shi ne Sarkin Gudu. Filinsa aikin minti arba'in ne, shi kuwa ya rantse sai ya mai da shi ashirin, ko da hakan zai cinye masa Asabar shida a gareji. Ya gano cewa bel ne ke ɗauko juyi daga fulin inji ya kai wa fulin giya a baya, don haka in ka sa babban fuli a gaba, ƙarami a baya, tayoyi za su ƙara sauri. Lissafinsa daidai ne, a nan ba a kama shi da kuskure. Abin da bai lissafa ba shi ne birkin motar ɗan ƙaramin faifai ne da aka yi don tsai da abu mai tafiyar hawainiya, ga kujera a sama, ga tayoyin gaba da ba a yi su don shan kwana da gudu ba. Bai kuma lissafa cewa wuƙa tana buƙatar lokaci ba: in mota ta fi ta sauri, kwantar da ciyawa kawai take yi ta wuce, washegari ciyawar ta miƙe tsaye kamar ba a taɓa ta ba. Sai ka gan shi yana bin fili sau biyu da gudun kilomita ashirin, yana gama aikin a minti hamsin, yana kuma gaya wa maƙwabta ya samu sauƙi ƙwarai.

Amininsa, wanda ya fi shi ganganci, shi ne Mai Tsige Gwamna. Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban janareta ya san wannan ɗan ƙarfe mai sifirin da ke ƙara wa inji wuta in an ɗora masa nauyi, ya rage in an sauke. Gwamna ke nan, shi ne a motar ciyawa ma, kuma aikinsa ya hana inji wuce juyi wajen 3,600 a minti. Wannan bawan Allah kallon ɗan sanda yake yi masa. Ya fara da lanƙwasa ƙarfen da sifirin ke maƙale a jiki, ya ji ƙara ta canza, ransa ya yi fari. Mako na gaba ya ɗaure totur da waya. Daga nan ya buɗe cikin inji ya cire gwamnan gaba ɗaya, bai san cewa a wasu injinan Briggs haƙorin gwamnan nan haɗe yake da abin da ke fantsama baƙin mai ga sassan ciki ba. Inji ya yi ta kuka da ƙishirwa na ɗan lokaci, sannan sandar fistin ta karye ta fasa bango ta leƙo waje. Wannan in an yi sa'a ke nan. In ba a yi ba, babban faifan ƙarfen da ke saman injin, wanda zubi ne ba ƙira ba, shi ne ke tarwatsewa, kuma tsakanin gwiwoyin mutum yake. Masu tsere na gaskiya sukan fara maye gurbinsa da na alminiyon da aka sassaƙa don jure gudu kafin su taɓa gwamna. Shi namu ya ji kuɗin faifan ya ce ai tsada ce kawai. Akwai kuma wuƙaƙen: ƙa'idar masana'antu a Amurka ta ƙayyade gudun bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, kusan kilomita 350 a awa. A wannan gudun ma tsakuwa na fasa gilashin taga. Shi ƙari yake nema. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, da kuɗinka da guminka.

Mai Salansa ba ya buƙatar dogon bayani, don tun daga layi na uku ake jin sa. Ya cire salansa ya yi wa inji waldar bututu miƙaƙƙe, wani lokaci har biyu, masu kallon sama irin na manyan tireloli. Ƙarfin da ya ƙaru bai kai a auna ba, kafireto ma ya rikice yana ta harbi da tari, amma kunnensa ya gaya masa motar ta zama zaki. Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar yake tayar da ita. Ɗan uwansa na jini shi ne mai sayen fetur mafi tsada a gidan mai, yana cewa abin kirki sai abin kirki, alhali ƙaramin inji irin wannan bai san bambanci ba. Abin da ke damun injin da gaske shi ne fetur ɗin Amurka na yau da kullum yakan zo da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin etanol, wanda ke jan ruwa. In aka bar shi cikin tanki duk tsawon hunturu sai ya toshe kafireto. Namu kuwa a tanki yake barinsa, mai tsadar, kowace shekara, ya fito a watan Afrilu yana zagin kamfani.

Akwai wanda ni nake tausaya wa, Manomin Zuci. Akawu ne ko malamin makaranta, amma kakansa ya yi noma a Iowa ko Nebraska, kuma abin na nan cikin jini yana motsi. Ya sayi mota mai launin kore da rawaya na John Deere, ya sayi hula mai tambarin barewa, ya ƙi yarda cewa abin da ya saya na aski ne ba na huɗa ba. Ya cire tayoyin baya masu laushi ya sa masu manyan haƙora. Ya ɗura musu ruwan wanke gilashin mota don su yi nauyi, saboda shi ba ya daskarewa da sanyi. In ɗan gayu ne ya sayi ruwan gwozar sukari da ake sayarwa don wannan aiki. Ya rataya ƙarafa a baya, ya ɗaura wa tayoyi sarƙa, ya ƙera garmar ture dusar ƙanƙara a gaba. Duk wannan yana ƙara wa taya riƙon ƙasa, babu musu. Matsalar tana cikin akwatin giya. Yawancin waɗannan motoci masu sauƙin kuɗi suna ɗauke da ƙaramar giya mai aiki da matsin mai, irin su Tuff Torq K46, wadda aka yi don ɗaukar mutum ɗaya a fili mai laushi. Da, in kaya ya yi yawa taya ce ke sulɓi, giya ta tsira. Yanzu da taya ta daina sulɓi, giyar ce ke shan wahalar: mai ya yi zafi, ya tsinke, wata rana a tsakiyar hawa mota ta tsaya tana kuka ba ta gaba. Ranar da ya ɗaura igiya zai tumɓuke kututturen bishiya, matarsa ta tsaya a taga da waya a hannu, ba ta yanke shawarar ko hoto za ta ɗauka ko motar asibiti za ta kira ba.

Mutum guda ne a cikinsu ba na yi wa dariya. Ƙarƙashin kujera akwai makunni da ke kashe wuƙaƙe da zarar direba ya ɗaga jikinsa, akwai kuma wani da ke hana yanka in mota na ja da baya. Ɗan Gadara ya haɗe wayoyin biyu don kada inji ya riƙa mutuwa in ya sauka ɗauke reshe. Littafin motar ya ce kada a hau gangaren da ya wuce digiri 15, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa, kada kuma a goya yaro a kai. Shi duk ya fi su sani. Makunnin ja da bayan nan saboda yaran da ke bin iyayensu a baya aka sa shi.

Mu koma ga masu ban dariya, ga Mai Zane. Shi gudu bai dame shi ba, kuma ko kusa bai yarda a ce masa yankan ciyawa yake yi ba. Ya ga filayen wasan besbol a talabijin da ratsi-ratsi, fari-fari da duhu-duhu, ya yi bincike ya gano ba fenti ba ne: ciyawar da aka kwantar tana kallonka takan yi duhu, wadda aka kwantar tana ba ka baya takan yi haske. Sai ya samo bututun roba mai kauri ya cika shi da yashi, ya toshe bakunansa, ya ɗaure a bayan mota yana ja. Ratsi ya fito. Tun daga ranar ba a sake samun kansa ba. Yau layi-layi, wani mako dara, wani mako lu'ulu'u. Ya hau rufin gida don ya duba ko layi na bakwai ya karkace. Yaransa ba su da izinin taka filin, kare ma a bayan gida yake. In a kudu yake zaune, inda ciyawar Bermuda gajera mai taurin kai ta fi yawa, ratsin ba ya fitowa da kyau kamar na ciyawar arewa mai laushi, sai ya ƙara wa bututun siminti ya ci gaba da fata. Shi ne kuma yakan sa wa motar fitilu masu haske kamar na filin jirgi, don in dare ya yi bai gamsu ba ya sake bi.

In cutar ta yi nisa, sai mutum ya daina yi wa kansa ƙarya ya shiga tsere. A garin Twelve Mile na jihar Indiana tun 1963 ake tseren motocin ciyawa a bikin 4 ga Yuli. A Ingila kuwa, a 1973 wani ɗan Ayalan mai suna Jim Gavin da abokansa suna hira a wata mashaya a Wisborough Green, yankin West Sussex, suna kukan tseren mota ya zama na masu kuɗi, sai suka kafa nasu na motocin ciyawa: babu kyautar kuɗi, babu tallan kamfani. Har tseren awa 12 suke yi cikin dare, kuma Stirling Moss da Derek Bell, manyan direbobin tsere na duniya, sun taɓa cin sa. Ƙungiyar masu irin wannan tsere ta Amurka ta zo a 1992, ranar 1 ga Afrilu, ranar da Turawa ke zolayar juna. Dokar farko a duk waɗannan wurare ita ce a cire wuƙaƙe. Wato an gyara injin yankan ciyawa, an gyara, an gyara, har ya daina yankan ciyawa. Kamfanin Honda ne ya ƙi yarda da haka, don masu kundin Guinness sun ce sai abin ya iya yanka kafin su rubuta shi. A 2014 motarsu ta yi gudun kilomita 187 a awa a Sifen. A 2019 suka dawo da wata mai injin babur ɗin tsere, Jess Hawkins ta tuƙa ta a Jamus, daga tsaye zuwa kilomita 160 a awa cikin daƙiƙa 6.29. Sarkin Gudu na da hoton a bangon garejinsa.

Alvin Straight shi kaɗai ne a layinsa. A 1994, yana da shekara 73, idonsa ya yi rauni ba shi da lasisin tuƙi, ya ji ɗan uwansa Henry ya samu shanyewar jiki a Wisconsin. Bai taɓa fuli ba, bai taɓa gwamna ba. Tirela ya ɗaura wa tsohuwar John Deere ƙirar 1966, ya loda fetur da abinci da kayan kwana, ya kama gefen titi daga Laurens ta Iowa, kilomita kusan 390, a gudun kilomita 8 a awa. Ya yi kusan mako shida, da lalacewa a hanya da komai, ya isa. David Lynch ya yi fim a kansa a 1999.

Can ƙarshen layi kuma akwai wani dattijo da ba wanda ke tsayawa kallon motarsa, don babu abin kallo. Shekararta ashirin, fentin ya koɗe. Farkon bazara yakan kwance wuƙaƙe ya wasa su, ya rataya kowace a ƙusa ya ga ko wani gefe ya rinjayi wani. Ya kankare ciyawar da ta daskare a cikin kasko don iska ta samu hanya, ya daidaita kaskon gabansa ya ɗan fi bayansa ƙasa kaɗan, ya auna iskar taya, ya canza baƙin mai da fulogi da matatar iska. Ba ya yanke fiye da sulusin tsawon ciyawa a tashi ɗaya, ba ya yanka in da raɓa. In kaka ta ƙare ya tsiyaye fetur. Filinsa ya fi na kowa kyau, abin da ke ba sauran haushi, har suna cewa ai ƙasar wajensa ce mai kyau.

Wajen tsakiyar Yuni, lokacin da Mai Tsige Gwamna ke jiran sabon inji, Manomin Zuci ke jiran akwatin giya, Sarkin Gudu kuma ke ɗingishi, sai a fara ƙwanƙwasa ƙofar dattijon ɗaya bayan ɗaya.

"Maƙwabci, ko za ka ara mini motarka na awa ɗaya? Tawa tana kan gyara."

Ya miƙa makulli. Mai aro ya hau, ya zagaya fili sau ɗaya, ya dawo ya kashe inji.

"Tana yanka da kyau, gaskiya. Amma ka san da za ka canza mata fuli..."