Yadda ake kallon fim ɗin mawaƙa tsakanin Ajame da Treichville

Mai son fim ɗin mawaƙa ba ya ɓoyuwa a Abijan. Za ka gan shi a kujerar baya ta gbaka, waya a tafin hannu, abin saurare a kunne, ƙafa tana dukan ƙasan mota, har a wuce inda zai sauka bai sani ba. Yaron mota ya miƙo hannu yana neman kuɗi, shi kuwa ya ɗaga masa yatsa, wai ya dakata a gama amshi tukuna. Ɗan'uwa, in wannan ciwo ya fara kama ka, barka da zuwa. Ciwo ne mai daɗi, amma yana da ladubbansa, kuma gara ka ji su tun yanzu kafin maƙwabta su koya maka da ƙarfi.

Kunne ake fara yi wa tanadi kafin ido. Saboda haka ka shiga gbaka ka sauka Ajame, ka nufi Black Market, ka sa wayarka a aljihun gaba, ka nemi sifika. Kada ka yarda mai shago ya gwada maka ita da waƙar da ya zaɓa, domin ya san wadda ke rufa wa kayansa asiri. Ka zo da taka. Ka sa masa Shata, ka kasa kunne wajen kalangu. In ka ji kalangun na magana, ƙarami da babba kowanne da muryarsa, to sai a shiga ciniki. In kuwa sifikar ta haɗiye makaɗa ta bar maka muryar Alhaji kaɗai, ka yi godiya ka ƙara gaba. Da ya faɗi kuɗi ka yi salati, ka juya kamar mai tafiya, zai kira ka.

Fim na farko da za ka nema shi ne La Vie est Belle na 1987. A ciki Papa Wemba ya fito a matsayin Kourou, ɗan ƙauyen da ya shigo Kinshasa da burin zama mawaƙi, ya ƙare yaron gida wajen wani mai gidan rawa, kuma kamar da gayya shi da maigidan suka faɗa son yarinya ɗaya, Kabibi. Duk wanda ya taɓa sauka tashar Ajame da jaka ɗaya da lambar wani kawu a takarda zai gane Kourou tun kafin ya buɗe baki. Daga nan sai Soul Power, wanda ya fito a 2008 amma hotunansa na 1974 ne, lokacin da aka tara mawaƙa a Kinshasa saboda damben Muhammad Ali da George Foreman. Foreman ya ji rauni a saman ido aka ɗaga damben, kiɗa kuwa bai jira kowa ba. James Brown, Miriam Makeba, B.B. King, Celia Cruz, Franco, Tabu Ley, duk a dandamali ɗaya. Wannan fim ba a kallonsa a zaune. Ka janye tabarma, ka kawar da butar shayi daga hanya, domin ƙafarka za ta yanke hukunci ba tare da ta shawarce ka ba.

Doka mafi girma ita ce ba a tsallake waƙa. Akwai mutanen da in mawaƙi ya hau dandamali sai su miƙa yatsa su tura fim gaba, wai labari suke so. Wannan daidai yake da mutum ya sayi garba, ya tsame kifin ya ajiye gefe, ya ci acceken gaya. Irin wannan ka ba shi shayi, ka girmama shi, amma ka zaunar da shi nesa da waya.

Ka kuma koyi kallon gefe. Kowa idonsa na kan mai riƙe da makirufo, alhali rabin daɗin yana bayansa. Dubi mai ganga yadda yake satar kallon ubangidansa yana jiran alama. Dubi 'yan amshi, ɗaya ya makara da daƙiƙa guda, na kusa da shi ya zungure shi da gwiwar hannu, suka yi murmushi suka ci gaba. Dubi tawul a kafaɗa, da zufar da ta jiƙa bayan riga tun ba a kai waƙa ta uku ba. Abin da kaset ba zai taɓa ba ka ba ke nan, kuma saboda shi ake mayar da fim baya sau biyu sau uku ba tare da jin kunya ba.

Game da abokan kallo, ka yi hattara da mutum biyu. Na farko wanda ya riga ya gani, da an fara fim ɗin Ray zai sanar da jama'a cewa Jamie Foxx ya ci kyautar Oscar da shi, ya kuma fara faɗin abin da zai faru. Maganinsa gyaɗa soyayya, ka cika masa hannu. Na biyu dattijon da zai ce duk wannan wasan yara ne in aka tuna Disco Dancer na Mithun, fim ɗin Indiya na 1982. Shi kada ka yi masa musu. Ka ce, "Gaskiya ne, Baba," ka sa masa shi ranar Lahadi, za ka ga rawar da jikokinsa ba su san ya iya ba. In akwai Buzaye ko 'yan Agadas a gidan, ka nemo Akounak na 2015, inda Mdou Moctar, bahagon mai gita, ke yawo a kan babur yana fama da uban da ba ya son kiɗa. Ranar shayin ma ba kai za ka dafa ba.

Maƙwabta kuwa, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, hanya ɗaya ce: gayyata. Wanda ka ba kujera ba ya kai ƙararka wajen mai gida. Ka fara bayan isha'i, ka rage murya in dare ya yi nisa, ka tuna akwai masu tashi da asuba su kama hanyar tashar jiragen ruwa. Uwargida kuma ka ba ta zaɓin fim ɗaya cikin uku. In ta ga Makeba sau ɗaya, ita za ta riƙa tuna maka.

To amma kallo a waya share fage ne. Dole wata rana ka sa riga mai kyau ka haye gada zuwa Treichville. Kafin ka je, ka san unguwar nan ta daɗe a gaban kyamara. A nan Jean Rouch ya ɗauki Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, labarin samarin Nijar 'yan ci-rani, ciki har da Oumarou Ganda, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim har ya ci kyautar bikin fina-finai na Fespaco a 1972. A 1965 kuma Rouch ya fitar da La Goumbé des jeunes noceurs, kan wata ƙungiyar samari baƙi masu kiɗa da rawa a titin Treichville. Baƙi ne irinmu, da rana suna neman na abinci, ranar hutu su fito da ganguna. Ka kalle su, sannan ka bi layukan unguwar a ƙafa, za ka ji tafiyarka ta sauya.

A bakin ruwa Palais de la Culture yake, wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 1999, yau yana ɗauke da sunan marubuci Bernard Dadié. Babban filinsa, Anoumabo, yana cin mutum 4,000 a sarari, akwai kuma zauren da aka sa wa sunan François Lougah da Ernesto Djédjé, sarkin kiɗan ziglibithy da ya rasu a 1983. In lokacin MASA ne, kasuwar wasannin Afirka da aka fara a 1993, to ka nemi wanda zai tsare maka shago. Ka ci abinci kafin ka shiga. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa. Lokacin da aka rubuta a tikiti ka girmama shi, ka kuma tafi da haƙurin da ya fi shi tsawo. Da mawaƙi ya fito, ka ɗauki minti ɗaya don 'yan gida su shaida ka je, sannan ka mayar da waya aljihu. Kuɗi ka biya don ka ji ganga a ƙirjinka. In liƙi ya motsa maka, ka yi abinka. Mawaƙi Douk Saga ya yi suna da watsa kuɗi a zamanin kiɗan coupé-décalé, mu kuwa tun kakanni muke manna wa mawaƙi a goshi. Sai dai ka ware kuɗin tasin woro-woro a wani aljihu daban tun daga gida.

Abu ɗaya nake roƙo ba da wasa ba. A ranar 24 ga Afrilun 2016 Papa Wemba ya faɗi a dandamalin FEMUA, bikin da A'salfo na Magic System ya kafa a unguwar Anoumabo a 2008, kuma bai tashi ba. Hoton faɗuwar yana yawo a wayoyi. In an turo maka, kada ka tura wa wani. Mutumin da ya shekara fiye da arba'in yana faranta wa jama'a ya cancanci a tuna shi a tsaye, yana waƙa.

Saura namu. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma abin da yawancinmu ke riƙe da shi nasu guntayen bidiyo ne masu hazo, an kwafa an sake kwafa har fuska ta narke. Duk da haka in ka sa su, tsakar gida cika take. Don haka in an yi biki ko suna a Ajame aka kira makaɗa, kai da idonka ya riga ya goge, kai ne mai ɗauka. Ka nemi izinin masu biki da na mawaƙin. Ka kwantar da waya a kwance, ka jingina gwiwar hannu a kujera don kada hoto ya yi rawa fiye da amarya. Ka matsa kusa da masu kalangu, ka yi nesa da janareta. Kada ka yanke waƙa a tsakiya don wani Alhaji ya shigo, kuma kada ka bi shi da kyamara har ka manta da mai waƙar. In an tashi, ka tambayi sunan mawaƙin da na yaransa da garinsu, ka rubuta tare da ranar, ka tura masa nasa kafin ka tura wa kowa.