Taken Ƙasa Biyu a Rumfa Ɗaya

Daura ba ta rasa masu waƙa ba. Garin da Mamman Shata ya yi wa Sarkinsa Muhammadu Bashar waƙa ne, kuma yaron da bai iya ɗaure tazugensa ba zai rera maka waƙar Rarara daga farko har ƙarshe ba gargada. Abin da muka rasa shi ne waƙar Turanci da kwamitin makarantarmu zai amince da ita.

Mai makarantar, Alhaji, shi ya jawo mana. Ya je Abuja bikin yaye jikarsa, ya ga yara sun jeru da jajayen riguna suna waƙa da Turanci, iyaye na ta ɗauka a waya. Ya dawo ya rantse sai an yi irin wannan a bikinmu na watan Yulin 2024. Ni ne malamin Turanci, don haka ko shawara ba a yi ba. "Malam, ka zaɓo mana masu daɗi, amma fa masu tarbiyya." Ya haɗa ni da kwamiti: Ustaz mai koyar da Islamiyya, Malama mai ajin ƙananan yara, da ma'aji, wanda bai taɓa jin wata shawara ba tare da ya tambayi nawa za ta ci ba. Sharaɗi shi ne in kunna waƙa a waya, in faɗi abin da take cewa, su yanke hukunci.

Na fara da ta baƙar tunkiya mai buhunan gashi. Malama ta dafe ƙirji. Ta ce iyayen Daura su ji 'ya'yansu na kiran baƙar tunkiya a bainar jama'a, kafin la'asar labari ya kai Sandamu cewa makarantar ta koma wajen boka. Na kawo ta gadar Landan da ke rushewa. Ma'aji ya tuna mana cewa babban baƙonmu ɗan kwangila ne, kuma shi muke sa ran ya yi mana rufin aji biyu. Ta murnar ranar haihuwa kuwa, Ustaz bai bari ta kai rabi ba.

Wadda na fi sa wa rai ita ce ta tsohon manomi da dabbobinsa, tunda yaranmu sun san kukan kowace dabba tun daga gida. Ana ta dariya, saniya ta wuce, agwagwa ta wuce, sai ga alade. Ustaz ya cire tabarau. Na ce, Allah gafarta Malam, sai mu sa raƙumi a gurbinsa, ga su nan ana kawowa kasuwar Mai'aduwa. Aka amince. Sai Malama ta tambaya, to yaya raƙumi yake kuka da Turanci? Muka gwada da wani yaro ɗan aji huɗu mai ƙaton maƙogwaro. Da ya saki murya, Baba maigadi ya shigo da gora a hannu yana neman inda ake yanka.

Daga nan na hau babbar waƙa, wadda Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta a 1985 don tara wa mutanen Habasha kuɗi lokacin yunwa. Babu tunkiya, babu alade, babu soyayya. Alhaji da kansa ya saurara, ya gyaɗa kai, har na fara jin iska. Sai ya tambayi dalilin yin ta. Da ya ji kalmar yunwa ya miƙe. A lokacin ana ta raɗe-raɗin zanga-zangar tsadar rayuwa ta ranar 1 ga Agusta. Ya ce, "A garin Buhari za ka tara mini yara suna waƙar yunwa a gaban manyan baƙi? Malam, ina da iyali."

Abin da ya rage shi ne taken ƙasa. Turanci ne, kyauta ne, kuma ba wanda ya isa ya ce bidi'a ne. Sai dai a ranar 29 ga Mayun shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken 1960, wanda wata Baturiyar Ingila, Lillian Jean Williams, ta rubuta, aka ajiye na 1978 da dukanmu muka tashi da shi. A makarantar kaf mutum ɗaya ne ya iya shi da ka: Baba maigadi, wanda ya yi elemantare zamanin Sardauna. Haka na koma riƙe allo, shi yana koyarwa, yana kaɗa gora a madadin sandar mai badujala. Duk yaron da ya kauce, gorar ta nuna shi. Gaskiya ban taɓa ganin aji ya natsu haka ba, har na fara tunanin aron ta.

Ranar biki an kafa rumfuna, janareta na ruri, yara sun jeru da jajayen riguna da ma'aji ya ɗinko a kan bashi. Na ɗaga wa mai lasifika hannu. Bawan Allah ya saki kiɗan da ke cikin na'urarsa tun tuni, wato na 1978, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya tsara. Layin gaba, masu kallon gorar Baba, suka kama na 1960. Layin baya suka bi kiɗa. Iyaye suka miƙe tsaye, kowa ya kama wanda bakinsa ya saba da shi. Yaron nan mai maƙogwaro, da ya rasa ɓangaren da zai bi, sai ya koma raƙuminsa.

Baba bai ji daɗi ba. Ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa, ya ƙame, ya rera baiti uku cur shi kaɗai, babban baƙo na tsaye a rana yana zufa, ba damar zama. Da ya gama aka yi tafi, ɗan kwangilar ya liƙa masa kuɗi a goshi. Maganar rufin aji ba ta taso ba.

Washegari Alhaji ya kira ni ofis. Ya ce ya gano Turanci ne ke da rikici, baɗi da Faransanci za mu yi, tunda iyakar Kwangwalam ga ta nan kusa, sai a samo wanda zai koya wa yara taken Nijar. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanne daga ciki? Su ma sun canza nasu a 2023."