Madalla da Manunin da Ba Ya Tambaya

A gaishe da `void *`, sarkin sauƙin kai a yaren C! Sauran manunai duk masu tsegumi ne: wannan ya ce shi adireshin lamba kaɗai yake riƙewa, wancan ya ce sai na harafi. Shi kuwa gwanin namu, ba shi adireshin komai a ma'adanar kwamfuta, ya karɓa hannu bibbiyu, bai san abin da ke ciki ba, bai kuma damu ya sani ba. Ina aka taɓa ganin kawaici irin wannan?

Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs a farkon shekarun 1970, kuma da fari `char *` ne ke wannan aika-aika. Sai ƙa'idar ANSI ta 1989 ta naɗa `void *` a hukumance. Tun daga nan `malloc` shi take miƙo maka, `memcpy` da `qsort` shi suke karɓa. Ciniki ne na biri a sama, an kuwa yi shekara talatin da ɗoriya ana yinsa cikin mutunci.

Ga ƙaninsa kuma, sauya nau'in manuni, wanda ya fi shi ladabi. Kwamfaila, mai fassara rubutunka zuwa yaren na'ura, takan tsaya tana binciken ko abin da ka ɗauko ya dace da inda za ka sa shi. Sai ka rubuta `(int *)` kawai, wato ka rantse mata cewa lamba ce, ta ja bakinta ta yi shiru. Ka ba `qsort`, mai jera abubuwa bisa tsari, jerin `double` masu bayit 8, ka sa a gwada su a matsayin `int` mai bayit 4, ba wanda zai ɗaga maka murya. Jerin zai fito a hargitse, amma ai an girmama ka. Wane mai rubuta manhaja ne ba ya son a gaskata shi ko da ƙarya yake yi?

Kada a mance da alherin wannan gida ga masu kutse, bayin Allah da su ma abinci suke nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da tsagar muke gina bangon. A 2014, matsalar Heartbleed a OpenSSL ta nuna yadda `memcpy` ke da kyauta: aka faɗa mata tsawon da ba a tantance ba, ta kwaso har kilobayit 64 na sirrin mutane a kowace tambaya, ta miƙa wa baƙo. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa duk shekara daga sakacin sarrafa ma'adana suke. A 2020 masu Chromium suka faɗi kusan haka. Wace sana'a ce ta samar wa jama'a aikin yi kamar wannan?

Yanzu ga 'yan baƙin ciki sun taso. C++ ta hana `void *` rikiɗa sai da izini. Linux ta buɗe wa yaren Rust ƙofa a 2022. Fadar shugaban Amurka ma, a Fabrairun 2024, ta fitar da rahoto tana kira da a koma ga yarukan da ke tsare ma'adana. Wai so suke na'ura ta kama kuskure tun kafin manhaja ta bar hannun mai ita. To, in an yi haka, ina jarumtar kwana a zaune ana farautar abin da ya kashe manhaja?

Ku ƙyale su, jama'a. Ku ci gaba da rantsewa kwamfaila tana yin shiru. In rantsuwar ta zama ƙarya, ai ba ku za ku yi kaffara ba; mai asusun banki da mai waya a aljihu su za su biya.